Baba Abakar da Tarunsa Mai Yatsa Huɗu

Ni ba kifi ya kai ni Masar ba. Karatun Shari'a na je yi, kuma ɗan Gusau ne ni, ruwan da na sani bai wuce na randa da na rijiya ba. A ƙarshen shekarar 2011 ni da wasu ɗalibai muka kama haya a hawa na ƙarshe na wani tsohon bene a Abbasiya, wata unguwa a Alƙahira. Ran da na fara hawa saman rufin don in yi shanya, na tarar an baza wani ƙaton taru a kan igiyoyin gaba ɗaya, babu inda zan rataya ko hula. Raina ya ɓaci. Na shiga mita da Hausa, tunda na tabbata ba mai jina: wane marar tunani ne ya mai da saman gidan mutane bakin kogi?

"Marar tunanin yana bayanka, ɗana," in ji wata murya. "Ɗaga gefen hagu ka yi shanyarka. Taru ba ya cizo."

Na waiwaya, kunya kamar in nutse. Wani tsoho ne siriri cikin farar jallabiya irin ta mutanen Sudan, yana zaune kan buhu a ƙofar wani ɗan ɗaki, da allurar katako a hannunsa. Irin ɗakunan nan ne da aka gina don wanki, daga baya marasa ƙarfi suka shige. Ban sami bakin ba da haƙuri ba ya miƙo mini ɗan kofin jabana, wato gahawar Sudan mai citta. Haka na san Baba Abakar.

Hausarsa tsohuwa ce, irin ta kakanni, da Larabcin Sudan barbaɗe a kai. A Mai Wurno aka haife shi, a bakin kogin Nilu, cikin zuriyar mutanenmu da suka taso don aikin hajji tun da daɗewa hanya ta ajiye su a can. Gidansu masunta ne kuma masaƙan taru. Ramukan taru, "ido" masu sana'ar suke ce musu, kuma da yatsu suke auna faɗinsu. Ya ce ran da ubansa ya fara ba shi allura, sai ya kama hannunsa ya cusa yatsunsa huɗu a cikin ido ɗaya, ya ce masa: duk kifin da ya wuce ta nan ba naka ba ne tukuna, ka kama uban, ka bar ɗan ya girma. Ya kuma sa shi ya rantse ba zai taɓa saƙa abin da ya gaza haka ba. Yaro ne a lokacin, amma ya riƙe rantsuwar nan fiye da yadda wasu malamai ke riƙe alwala.

Da ya girma sai ya gangara Suwakin, ya koyi kamun kifi a teku, ya auri wata mace mai suna Mahasin. Idan yana ba da labarin shekarun nan har tsawo yake ƙarawa a zaune. Ya kan buɗe hannuwa ya nuna mini girman kifin da suke fitarwa, ni kuwa in ce, "Baba, a rage kaɗan saboda Allah." Ba ya ragewa. Cikin 'ya'yansu ɗaya ne ya rayu, Fadl. Bayan Mahasin ta rasu yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, sai shi da Fadl suka biyo jirgin ruwa zuwa Aswan, suka hau na ƙasa zuwa Alƙahira neman magani. Aka cire yanar, amma ba su koma ba, don ba wanda za su koma wa. Wani dillali daga Suwez, Mu'allim Hasan, ya riƙa kawo musu zare da yagaggun taruna, uba da ɗa suna saƙa suna ɗinki a saman benen nan.

Ni dai ban tarar da Fadl ba. Daga bakin bawwab, wato mai gadin gidan, na fara jin abin da ya raba su, daga baya Baba da kansa ya cika mini sauran. Mu'allim Hasan ne ya zo wata rana ya ce masu jirage sun daina karɓar yatsa huɗu, wai sai su ja taru wuni guda ya fito kamar an wanke shi. Yatsa biyu suke so. Baba ya ce a kai kasuwa. Fadl kuwa saurayi ne, yana ganin aiki na zamewa daga hannunsu, sai ya karɓa a ɓoye, ya riƙa saƙawa a ɗakin bawwab da ke ƙasa. Wata rana Baba ya gano. Ya sauka da wuƙa, ya bi tarun nan da yaron ya ɓata makonni a kai, ya yanka shi gunduwa-gunduwa a gaban mutane. Sannan ya ce da ɗansa kada ya sake ganin ƙafarsa sai ran da ya zo ya ce ya yi kuskure. Fadl ya tattara kayansa ya tafi Suwez, ya shiga aikin jiragen su, wato na kamun kifi.

Yaron bai yi zuciya ba, a nan ne abin ya fi ba ni haushi. Yana kiran wayar bawwab ya tambayi lafiyar ubansa. Da sallah ya kan zo ya tsaya a ƙasa cikin sababbin kaya, a hau a gaya wa Baba, Baba ya tambaya, "Ya faɗa?" A ce bai faɗa ba. Ya ce to ya gaida gida. Fadl ma ɗan ubansa ne, gaisuwa zai kawo, amma ba zai ce ya yi kuskure a kan abin da yake ci da shi ba. Daga baya Baba ya hana bawwab hawo masa da kowane irin saƙo. Ya ce idan ba kalmar nan aka kawo ba, kada a wahalar da gwiwa.

Na yi iya yina. Ina ɗalibin Shari'a, ai ba zan zuba ido ana yanke zumunci a saman kaina ba. Na haɗo ayoyi da hadisai, na hau na karanto masa su tiryan-tiryan har da sunayen maruwaita. Ya saurara tsaf, hannunsa bai daina saƙa ba. Da na gama ya zuba mini jabana.

"Malam ƙarami, duk na ji, kuma gaskiya ne. Amma ni ban yanke shi ba, ƙofar dawowa na nuna masa. Ya zo ya faɗi kalma ɗaya, khalas, shi ke nan. Teku ma za ta faɗa masa in ni bai ji tawa ba."

Ya yi imani da hakan har cikin ransa. Yana ganin wata rana masu yatsa biyu za su kwashe 'ya'yan kifi kaf, teku ta bushe musu, Fadl ya hawo benen nan da kansa a sunkuye. Wannan ranar yake jira, kuma jiran ne ke cinye shi.

Ban taɓa ganin mutum shi kaɗai kamar Baba ba. Gari ne mai mutane kamar ƙasa, ƙarar ƙananan motocin haya da ta masu tallan gas ba ta yankewa, amma saman rufin nan sai shi da tattabarun maƙwabta. 'Yan Sudan suna da unguwanninsu da majalisunsu, ba ya zuwa, wai duk wanda ya gan shi sai ya tambaye shi ɗansa. Ya kan sauka sallar Juma'a, ya sayo ful, dafaffen waken nan nasu, da burodi, ya hawo. Aikin ma ya ja baya, sai ɗinkin tsofaffin taruna jefi-jefi. Duk da haka bai daina saƙa yatsa huɗunsa ba, wanda ba mai saye. Ya cika buhu ya ɗaure, ya jingine a bango, ya fara wani. Wani lokaci in na hawo sai in ji yana magana ƙasa-ƙasa da Larabci, in ya ji takuna ya yi shiru. Na taɓa tambayarsa da wa yake hira. Ya ce da zare, don shi ba ya mai da magana. Na yi dariya, amma da na sauko sai na kasa cin abinci.

Haka muka shekara biyu da wani abu. Ranar Juma'a bayan masallaci ni kan hau mu ci abinci tare, in ba shi labarin Zamfara da bai taɓa gani ba, ya gyara mini Larabcina da Hausata baki ɗaya.

A farkon 2014 na kai masa ƙanwata Humaira. Kimiyyar halittu take karantawa a wata jami'a a Madinat Nasr, kuma a shekarar an ba su aiki a kan kifin teku. Na ce ga wanda ya san kifi, ta zo ta gaishe shi. Humaira yarinyar kirki ce, sai dai tun tana ƙarama bakinta ba shi da linzami, abin da ta sani sai ta faɗa. Ni kuma ban ba ta labarin Fadl ba, don ina ganin sirrin dattijo ne. Ta zo da ledar barbuni, wani jan kifi da ake kawowa daga Suwez, ta ce za ta soya mana a kan risho.

Baba ya leƙa ledar ya kau da kai. Kifayen ƙanana ne, da kaɗan suka fi ɗan yatsa.

"'Yata, ki soya muku. Ni ba na cin jarirai."

"Baba, ai waɗannan ba jarirai ba ne. Iyaye ne."

"Ina da shekara saba'in da ɗoriya a cikin kifi. Barbunin da ya isa haihuwa ya fi tafin hannuna."

Ba ta yi musu ba. Ta ɗauki guda, ta tsaga cikinsa da 'yar wuƙa, ta buɗe da babban yatsa ta miƙa masa. Ƙwai ne cike, rawaya. Ta tsaga na biyu, haka. Na uku namiji ne, na huɗu ƙwai. Baba ya karɓi ɗaya ya kai dab da idonsa, ya murza ƙwan tsakanin yatsu, ya daɗe yana kallo.

"Yunwa ce ta tsumburar da su," in ji shi.

"Wataƙila da yunwa a ciki. Amma malamanmu suna zargin abin ya shiga jini, kamar yadda aka gani a wasu tekuna. Kifi iri ɗaya ma ba halinsu ɗaya ba, Baba. Akwai mai jinkirin haihuwa, sai ya girma sosai. Akwai mai gaggawa, yana ƙarami yake zuba ƙwai. To idan jirage sun yi yawa, kuma kowane taru manya yake tsamewa, mai jinkirin nan ana kama shi bai haihu ba. Mai gaggawar ya sulale ta ido, ya haihu, 'ya'yansa su gado shi. Shekara da shekaru ana haka, sai a wayi gari zuriyar ƙananan ce ta rage."

Na ga hannun Baba ya tsaya. Na yi wa Humaira ido, ba ta gani ba, ta riga ta hau bayani.

"Kamar manomi ne," ta ci gaba, "kullum ya cinye manyan zangarniya, ya ajiye 'yan tsirarun a matsayin iri. Ai ka san abin da gonarsa za ta koma."

Wannan ba sai an yi masa fassara ba. Duk wanda ya fito daga cikin mutanenmu, ko a Sudan aka haife shi, ya san babbar zangarniya ake ɗaurewa a rataye don shuka. Baba ya ajiye kifin a kan takarda, ya goge yatsunsa a jikin buhu a hankali.

"Wato mai kama uba ya bar ɗa," in ji shi, "shi ne ya cinye irin."

Sai a nan Humaira ta lura da fuskarsa, ta dube ni. Ta shiga gyara magana: ba tarun mutum ɗaya ba ne, yawan jirage ne da injuna, a zamanin kakanninsa masunta ba su da yawa, dokar tana aiki. Ta ce matsattsen ido ma ɓarna ne, ya fi muni, don shi ba ya barin kowa. Duk gaskiya ta faɗa. Baba yana gyaɗa kai, amma na san ba nan hankalinsa yake ba.

"To, 'yata, wane ido ya kamata mutum ya saƙa?"

Ta ce a yadda abin ya kai yanzu, ba ido ba ne magani, sai dai a rage su, a bar teku ta huta, a bar manyan ma su rayu. Kuma ko an yi hakan, ba lalle girman ya dawo da wuri ba. Ya ce, "Kwayyis," wato to madalla. Ya ce ta soya kifin kada ya lalace. Ya ci guda biyu, wanda a sanina shi ne karo na farko, kuma bai ce da daɗi ko babu ba.

A hanyar raka ta tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa na balbale ta da faɗa, na gaya mata labarin Fadl. Ta yi kuka a gaban mutane, ta ce, "Yaya, ai da ka faɗa mini." Ƙarya ba ta yi ba, kuma shi ya tambaya.

Daga ranar Baba bai ƙara ɗaukar allura ba. In na hau sai in same shi zaune, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon tattabarai. Na zaci zai ce mu tafi Suwez a makon. Ina. Mutumin da ya kafe shekaru a wuri ɗaya ba ya tashi da sauri. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, azumi ya zo ya tafi. Sau biyu ina taɓo zancen yana cewa bari dai. Ina ganin kalmomin yake nema, don bai taɓa faɗin irinsu ga kowa ba, balle ga ɗan cikinsa. Sai bayan babbar sallah, wata safiya, ya ƙwanƙwasa ƙofarmu da rawaninsa a naɗe, ya ce, "Yalla, Malam ƙarami. Raka ni."

A tashar jiragen su ta Suwez ya riƙa tsayawa gaban akwatunan kifi, yana ɗaga ɗaya yana matsa cikinsa, yana ajiyewa. Masu kaya suna hararar sa, bai kula ba. Jirage da yawa suna ɗaure, fentinsu na ɓarewa. Muka sami Mu'allim Hasan a wata rumfar shayi. Da ya ga Baba ya miƙe tsaye, ya rungume shi, ya sa aka kawo kujeru. Yadda ya daɗe yana gaisuwa ya sa gabana ya faɗi.

Ya ce jirgin da Fadl ke aiki a ciki ya daina fita tun bazara, don abin da suke kamowa ba ya mai da man da suka ƙona. Yaran jirgin suka watse. Fadl ya nufi arewa, bakin ɗaya tekun da ya raba Masar da Turai, inda wasu jiragen su suka daina ɗaukar kifi suka koma ɗaukar mutane zuwa Turai. Tun da ya shiga ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Wasu da suka tafi a lokacin sun kira gida, wasu ba su kira ba.

"Amma ai ya biyo ta wajenka, ya Hajj," in ji Mu'allim Hasan. "Ya ce mini ba zai tafi ba sai ya yi maka sallama."

Baba ya dube ni. Ni ma ban san da zancen ba.

Da muka dawo Abbasiya na tsare bawwab a bakin ƙofa. Bai ɓoye ba. Ya ce ƙwarai Fadl ya zo cikin azumi, da 'yar jaka a kafaɗa, ya zauna a kan bencin bakin ƙofa tun hantsi har la'asar. Ya tambaye shi ko ya zo da kalmar da tsoho ke jira, ya ce a'a, sallama kawai ya zo yi. Shi kuma an hana shi hawa da saƙon da ba wannan ba, me zai yi? Na so in shaƙe mutumin, amma umarnin da aka ba shi ya bi. A ranar Baba yana sama, hannuwa a kan gwiwa, yana neman yadda zai fara magana.

Baba yana tsaye a bayana, ya ji komai. Bai yi wa bawwab faɗa ba. Ya ce, "Ma'alish," wato ba komai, ya kama ƙarfen bene ya fara hawa, yana hutawa a kowane hawa. Na bi shi a baya.

Mun nema. Humaira ta sa hoton Fadl a shafukan da 'yan Sudan ke cigiyar 'yan uwansu, ni na bi ofisoshin da aka ce a bi a Wustul Balad, tsakiyar birnin. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Baba ya karɓi tsohuwar wayata, shi da a da ko taɓa waya ba ya yi, ya koyi inda ake dannawa a amsa. Duk wanda ya yi kuskuren lamba sai ya sha gaisuwa.

Na gama karatu a 2015. Ran da zan tafi na hau yi masa sallama, ya rame, jallabiyar ta yi masa yawa. Ya yi mini addu'a mai tsawo, sannan ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Ɗana, ku mutanen Hausa kuna ko'ina. Yaranku ma suna ƙetara tekun nan, suna kiran gida. Ka riƙa tambaya. In ka ji wanda ya ga Fadl ɗan Abakar mai taru, a gaya masa saƙona yadda na faɗa, kada a ƙara kada a rage. Ba cewa na yi ya yi daidai ba, don bai yi ba. A ce masa ni ma ban yi ba. Ya zo mu zauna."

Na yi masa alkawari. Tun daga lokacin duk wanda na ji yana da ɗa ko ƙane a Italiya ko Jamus sai na karɓi lamba na kira, in faɗi sunan, in kwatanta kamannin mutumin da ban taɓa gani ba. Wasu su ce za su bincika, wasu su kashe wayar. Saƙon yana nan a bakina yadda ya ba ni shi, ban ƙara ba ban rage ba, kuma har yau ban sami wanda zan faɗa wa ba.